Aikin filafon da gajiyar wuya

Aikinmu a saman kan mutane yake. Idan magina sun gama, an zuba dal, wato rufin kankare, mai wuta ya ja wayoyinsa, sai a kira mu mu yi filafon, wato mu rufe saman ɗaki da allunan filatir da ake kira sitaf, mu shafe, mu yi fenti. Ina da ɗan ƙaramin kamfani a nan Yamai, wurin zubinmu yana wajen Bukoki, kuma yawancin yaran da ke aiki tare da ni ƴan Adar ne, daga wajen Keita da Buza da Illela. Wasu cin rani ke kawo su, da faɗuwar damina su koma gona, wasu kuma sun zauna sun yi iyali a nan. Kaya a kasuwar Katako muke saye: buhunan filatir, da filas ɗin da ake shimfiɗawa cikin zubi don kada allo ya karye, da waya, da ƙusoshi.

Rabin aikin a ƙasa ake yin sa. A dama filatir, a zuba, a sa filas, a jira ya kama, a ɓamɓare, a jingine a rana. Yaro mai hankali cikin ƴan watanni ya iya wannan. Rabin da ke cin mutum shi ne ɗaurawa. Mutum na tsaye bisa katako, katakon bisa tano biyu, wato ganguna, ko ƙarafan da aka haɗa, kai a ɗage, hannuwa a sama. Ɗaya ya tallabe allon, wani lokacin har da kansa yake tokare shi, ɗaya ya jiƙa filas cikin filatir ya ɗaure allon da wayar da ta sauko daga dal. Bayan nan a cike gaɓoɓi, a goge, ƙura na zuba cikin ido da hanci, sannan fenti. Duk wannan ƙeya na manne da kafaɗu.

Wanda bai san sana'ar ba yana zaton mutum yakan faɗo ne yana tsakar aiki. Abin da idona ya gani, kuma manyan da suka koya mini haka suka ce, ba haka ba ne. Haɗarin yana lokacin da mutum ya gama wuri, ya sauke kansa, ya ɗaga ƙafa zai matsa gefe ko zai sauko. Sai ƙafar ta kuskure bakin katako da faɗin yatsu uku. Tsawon ba wani mai yawa ba ne, mita ɗaya ne ko ya ɗan fi, amma a ƙasa akwai bokiti da guntayen ƙarfe da tarin karo. Yara kan ce jiri ne. Idan ka zaunar da yaron ka tambaye shi a hankali ko ɗakin ya juya masa, sai ya ce a'a. Wani ɗan Buza ne ya faɗa mini yadda abin yake: “Maigida, ɗakin bai motsa ba. Ƙafata ce ba ta sauka inda na aike ta ba.”

Wanda ya fara buɗe mini wannan al'amari wani kine ne, cikin masu gyaran gaɓoɓi da motsa jiki, da muka yi wa aikin gida a Kwara Kano. Ya tsaya yana kallon yaran, ya ga yadda suke tausa ƙeya idan sun sauko, sai ya ja ni gefe muka yi dogon zance. Daga baya na ci gaba da bibiya da ɗan Faransancin da nake da shi.

Abu uku ne ke riƙe da mutum a tsaye. Akwai ido. Akwai wasu ƴan bututu masu ruwa can cikin kunne, uku a kowane gefe, da wasu ƴan jakunkuna kusa da su, waɗanda ke gane juyawar kai da karkatarsa. Na ukun shi ne labarin da tsoka da gaɓoɓi da tafin ƙafa ke aika wa ƙwaƙwalwa ba dare ba rana, wanda da shi ne kake sanin inda hannunka yake ko idonka a rufe. To, ido da kunne duka a kai suke. Duk abin da suka faɗa, labarin kai ne kawai. Mu da muke aiki da nibo, ma'aunin da ke nuna ko abu ya zauna daidai, mun san wannan: ƙwayar iskar da ke cikin ruwan ba ta san kome ba sai allon da aka aza ta a kai. Idan kana son sanin bango, sai ka san yadda allon ya zauna da bangon. Wuya ne ke yin wannan aiki a jikin mutum. Shi ke faɗa wa ƙwaƙwalwa yadda kai ya zauna bisa gangar jiki, sannan ta san ko kai ne kaɗai ya karkata ko mutumin ne gaba ɗaya zai kife.

Shi ya sa Allah ya cika wuya da masu kai labari. Ƙasusuwan wuya 7 ne, suna ɗauke da kan da ya kai wajen kilo 5 ga babban mutum. Can ƙarƙashin ƙoƙon kai, a ƙeya, akwai wasu ƙananan tsokoki, huɗu a kowane gefe, ba su da wani ƙarfin a zo a gani, amma suna cikin tsokokin da suka fi kowane yawan ƴan zaruruwan nan masu jin miƙewa. Tun 1845 wani masanin Faransa mai suna Longet ya nuna cewa idan aka yanke naman ƙeyar dabba, ba a taɓa ƙwaƙwalwa ba, ba a taɓa kunne ba, dabbar sai ta riƙa tangaɗi.

Mu dai ba yanka ke samunmu ba, gajiya ce. A 2003 wasu masu bincike a Italiya, Schieppati da abokan aikinsa, sun gwada wannan a kan mutum 18 masu lafiya. Suka sa kowa ya tsaya ya tokare wani nauyi da ke jan kansa gaba, da wajen kashi 35 cikin 100 na ƙarfin tsokar ƙeyarsa, na minti 5. Da aka gama, suka tsayar da su bisa wani faranti mai auna rangajin jiki. Rangajin ya ƙaru. Ƙafafun mutanen nan ba su yi aikin kome ba, wuya ne kaɗai ya gaji, amma tsayuwarsu ta lalace. Abu biyu cikin binciken su ne suka zauna mini a rai. Na farko, bambancin ya fi fitowa fili lokacin da ido ke rufe, wato ido ne ke rufa wa gajiyayyen wuya asiri. Na biyu, bayan hutun minti 5 tsayuwar ta koma daidai.

Minti 5 ke nan na gajiya, a ɗaki mai sanyi. Yaranmu kan yi awa guda kai a ɗage, ƙarƙashin dal da ya sha rana, a watan Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke wuce digiri 40. Idon da zai ceci mutum kuma shi ne abin da aikinmu ya fi cuta. Ƙura ta shiga, gumi ya gangaro, yaro na ƙifce-ƙifce. Ya daɗe yana kallon farin filafon da ba shi da layi ko kusurwar da ido zai kama. Gidan da ake ginawa galibi ba a sa masa wuta ba, ɗakunan ciki da makewayi duhu ne ko da tsakar rana.

Kinen nan ya nuna mana wani gwaji da likita Revel da abokansa suka fito da shi a Paris a 1991. A ɗaura ƴar fitilar leza a hula, mutum ya zauna santimita 90 daga bango, ya miƙe kansa yadda ya ji daidai, a yi alama inda jan ɗigon ya sauka. Sai ya rufe ido, ya juya kai iyakarsa zuwa dama, ya komo inda yake jin nan ne tsakiya, ya tsaya. A auna tazarar. Idan ta wuce wajen santimita 7, wato digiri 4.5, ana ɗaukar cewa jin wuyan ya raunana. Mun yi shi a wani falo da ba a yi wa fenti ba tukuna, da fensir a hannuna ina yi wa bango alama. Da safe kusan kowa ɗigonsa yana komowa kusa da alamar farko. Da la'asar, bayan yinin guga, na ga yaron da safe ya dawo daidai ya tsaya nesa da alamarsa da kusan faɗin tafin hannu, ya ce da ƙarfinsa, “Na iso, Maigida.” Da ya buɗe ido ya ga inda ɗigon yake, sai ya yi shiru. Shi a jikinsa bai ji kome ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, domin mutum ba ya kiyaye abin da bai ji ba.

Tun daga nan na sake tsarin aiki, kuma wuya na sa a gaba. Ba wanda ke yini a sama. Mutum ya yi ɗan lokaci yana ɗaurawa, ya sauko ya karɓi damun filatir ko miƙa alluna, wani ya hau. Kafin kowa ya ɗaga ƙafa bisa katako, sai ya sauke kai, ya dafa bango ko ƙarfe, ya kafa ido a bakin ƙofa ko taga, ya ja numfashi, sannan ya taka. Da farko sababbin yara na ganin abin ɓata lokaci ne, har sai sun ga manyan ma haka suke yi. Katako ɗaya ba ya hawa tano a wurina, sai uku a jere, a ɗaure. Muna kuma ɗaga wurin tsayuwar yadda filafon zai zo kusa, mutum ya yi aiki a gabansa maimakon tsakar kansa. Idan wurin ya koma bayanka, sauko ka ja tano, kada ka lanƙwashe baya kana bin sa da ƙeya. Fitilu masu caji suna cikin kayan aiki kamar cokalin shafe, kuma ba a guga da almuru.

Wanda ya hau da buhunan filatir a ka zuwa bene na biyu, shi ma wuyansa ya yi aiki, ko da gammo. Ba ya ajiye buhu ya haye katako nan take.

Hutun ma sai da na sa ido a kansa. Yaro ya sauko, ya zauna bisa buhu, ya ciro waya, ya dunƙufar da kai yana kallon bidiyo har shayi ya nuna. Wannan wuyan bai huta ba, nauyin ne kawai ya koma wani gefe. Nakan ce musu su jingina da bango ko su miƙe bisa kwali, su juya kai a hankali dama da hagu, su sha ruwa kafin shayi. Da azumi kuwa, aikin sama daga bayan asuba ne zuwa hantsi, sauran yinin na zubi ne a inuwa.

Inda abin ya fi wuya shi ne kuɗi. A sana'armu an saba biyan mai ɗaurawa mita-mita. Wanda ake biya da mita, kowane mintin da ya zauna daga aljihunsa ya fita, kuma yana da mata da ƴaƴa a ƙauye suna jiran aike. Ka ce masa ya huta, zai ce to, kana juya baya ya haye. Ban ga laifinsa ba. A ganina wannan tsarin biyan ya fi ruɓaɓɓen katako kayar da mutane. Ni kuɗin yini nake biya, idan an gama gida kuma a raba wani abu bisa kai tsakanin duk waɗanda suka yi aikin, na sama da na ƙasa. Hakan na sa aikina ya ɗan fi na wasu tsada, ya kuma ɗan fi jinkiri. Gab da Sallah ko idan biki ya matso, mai gida zai tsaya a kanka. Nakan ce, “Alhaji, a yi haƙuri. Kwana biyun da zan ƙara maka sun fi a ce an ɗauki ɗan mutane daga falonka zuwa asibiti.” Wasu su gane, wasu su kira wani. Na rasa ayyuka a kan haka. Masu irin aikinmu da yawa ba su da rajista a CNSS, hukumar inshorar ma'aikata, wadda ke ɗaukar nauyin haɗarin wurin aiki. Idan yaro ya karye, daga aljihun maigidansa ne, in ya yi sa'ar maigida mai tsoron Allah. In ba haka ba, a sa shi mota zuwa gida wurin maɗori.

Sai dai ba kowane jiri ne gajiyar wuya ba, kuma wannan kinen ya ja mini kunne a kai sosai. Gajiya ana hutawa take tafiya. Idan ɗaki na juya wa mutum da gaske duk lokacin da ya ɗaga kai ko ya juya bisa shimfiɗa, sau da yawa matsalar daga cikin kunne take, kuma ana gyara ta a asibiti. Akwai kuma jijiyoyin jini guda biyu da ke bi ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa. Saboda su ne na hana wasan nan da yara ke yi na kama kan juna a murɗa har ya yi ƙara, wai a sauke gajiya. Idan jiri ya zo tare da ganin abu biyu-biyu, ko harshe ya yi nauyi, ko gefen fuska ko hannu ya mutu, ko wani ciwon kai mai tsanani da mutum bai saba ji ba, ba a ba shi shayi a ce ya kwanta. Taksi ake tarewa a nufi asibiti, ko ina nan ko ba na nan, kuma kowa a kamfanin ya san kuɗin a kaina yake.

Dattawan cikinmu, musamman masu hawan jini, na sauke su daga katako gaba ɗaya. Ɗaya daga cikinsu bai ji daɗi ba, ya ce ko na ga ya tsufa ne. Na ce, “Baba, zanen fure da gyaran kusurwa ba wanda ya kai ka, kuma a tebur ake yin su.” Yanzu shi ke riƙe da wurin zubi, shi ke duba kowane allo kafin a loda a mota, shi ne kuma ke cewa wane yaro ya isa ya fara hawa.