Wa zai tashi CPU idan agogonta ya yi barci tare da ita?

Allon ARM ne mai CPU huɗu, da Linux a kai. Muddin ana aiki lafiya lau yake, amma da na kunna cpuidle, tsarin da ke sa CPU barci idan ba ta da aiki, sai `sleep 1`, umarnin jiran daƙiƙa ɗaya, ya ƙi dawowa, can kuma RCU, wani sashe na kanel (zuciyar Linux), ta fara kukan cewa wata CPU ta daskare.

Kowace CPU tana da nata agogon ciki, shi ke buga mata ƙararrawa idan lokacin wani aiki ya yi. A guntun (chip) da ke wannan allon, barci mai zurfi yana yanke wa agogon wuta tare da CPU ɗin. Kanel yana da maganin haka: yakan ware agogo ɗaya na waje ya zama mai gadi, ya riƙa tashin masu barci. Amma sai an gaya masa agogon ciki yana mutuwa. Bayanin na'urorin da na kwafo daga wani allo yana ɗauke da `always-on`, wato agogon ciki ba ya mutuwa, don haka kanel bai sa alamar `CLOCK_EVT_FEAT_C3STOP` mai nuna yana mutuwa ba, ya sakankance. Na goge layin, na tabbata `local-timer-stop`, mai nuna agogon ciki yana tsayawa, yana cikin bayanin barcin.

Kuskure na biyu nawa ne kacokan. A direban agogon waje na sa `cpumask_of(0)`, wato na CPU0 ne kaɗai, da daraja 500 (lambar da kanel ke zaɓen agogo da ita), wai don a fifita shi. Aka kuwa fifita shi. Agogon ciki na ARM darajarsa 450 ce, sai CPU0 ta yar da nata ta rungumi nawa, kujerar mai gadi ta zama wayam. Fayil ɗin `/proc/timer_list`, mai jera agogunan kanel, ne ya tona asiri: sunan agogona ya bayyana ƙarƙashin CPU0, ba a sashen mai gadi ba. Da can na fara dubawa da ban sha wahala ba.

Gyaran bai kai layi biyar ba: daraja 300, `cpu_possible_mask` (wato na dukkan CPU ne), sai alamomin `CLOCK_EVT_FEAT_ONESHOT` (bugu ɗaya a lokacin da aka sa) da `CLOCK_EVT_FEAT_DYNIRQ`. Ta ƙarshen tana da daɗi, domin tana karkata ƙararrawar kai tsaye ga CPU ɗin da lokacinta ya fi kusa, ba sai an tashi CPU0 ta je ta tashi wata ba.

A kula da `max_delta` kuma, wato tazara mafi tsawo da za a iya sa wa ƙararrawar. Maƙirgin agogo mai bit 32 da ke gudu a megahaz 24 yana zagayowa cikin kusan daƙiƙa 179. Na ƙarshe, kada a taɓa sa wa mai gadi alamar `CLOCK_EVT_FEAT_PERCPU`, mai nuna agogon na CPU ɗaya ne, kanel zai ƙi ba shi kujerar, kuma ba zai ce uffan ba.