Agustin biyu, Jamanus uku, da Denis ɗin da aka haɗa mutum uku aka mai da ɗaya

Duk wanda ya fara karatun tarihin ekklisiyar Turai daga wajen shekara ta 400 zuwa 900, abu na farko da zai fara caza masa kai shi ne takwarori. Waliyyi kaza, bishop kaza, suna iri ɗaya, kuma a lokacin ba kasafai ake liƙa wa mutum sunan mahaifi ko na dangi ba, sai dai a jingina shi da garin da ya riƙe. In kaga an cire sunan garin toh an bar ka a duhu kenan.

Ɗauki Agustin. Akwai na Hippo, ɗan Arewacin Afirka, ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, an haife shi 354 ya rasu 430 lokacin da mayaƙan Bandal suka yi wa garinsa ƙawanya. Sai na Kantabari wanda Paparoma Giregori ya tura Ingila, ya sauka a Kent a 597 wajen sarki Etelbat. Tsakanin rasuwar na farko da saukar na biyu shekara 167 ne fa, amma har yau zaka ji mutum na faɗin wai Agustin mai manyan littattafan nan shi ya kai bishara Ingila. Abin na min ciwo gaskiya, domin na Kantabari ba marubuci bane, sufi ne da ya bar Roma da mutum kusan arba'in, suka tsorata a hanya har ya koma ya roƙi a janye aikin, Paparoma yace a'a ku ci gaba, suka ci gaba. Wannan jarumtar tasa ce, bai kamata sunan wani ya haɗiye ta ba.

Jamanus kuma uku ne sanannu. Na Okser, wani gari a Faransa, da ya tsallaka Birtaniya a 429 don yaƙar koyarwar Pelagiyus, na Paris da ya rasu 576, da na Kustantiniya wanda ya bar kujerarsa a 730 saboda ya ƙi yarda a kawar da hotunan coci. A Paris kaɗai akwai cocin Saint-Germain-des-Prés da kuma Saint-Germain-l'Auxerrois, kowanne da nasa Jamanus ɗin (Germain da Faransanci), na farko na Paris na biyu na Okser. Masu kallon ƙwallo ma, sunan da ke jikin PSG ya samo asali ne daga garin Saint-Germain-en-Laye, shi kuma garin sunan bishop ɗin Paris ya ci.

Wani lokacin mutanen zamanin da kansu suna samo dabara. Bede, sufi ɗan Ingila wanda ya kammala littafin tarihin ekklisiyar Ingila a 731, ya ba da labarin firistoci biyu 'yan Ingila duk sunansu Ewald, suka tafi wa'azi ƙasar Sakson aka kashe su tare, ana bambance su da launin gashi, Ewald Baƙi da Ewald Fari, shi kenan magana ta ƙare.

Amma inda lamarin ya cakuɗe sosai shi ne Diyonisiyus, wanda Faransawa ke ce wa Denis. Na farko yana cikin Ayyukan Manzanni 17:34, ɗan majalisar Atina da ya ba da gaskiya bayan wa'azin Manzo Bulus. Na biyu bishop ɗin Paris ne da aka fille wa kai, Giregori bishop ɗin Tur (ba Paparoman ba) ya rubuta cewa a zamanin sarkin Roma Desiyus aka turo shi, wato wajen 250. Na uku wani marubuci ne da ya yi rubutu da Girkanci wajen shekara ta 500, ya ɓoye sunansa ya ari na farkon. A 827 sarkin Rumawan gabas Mika'ilu na biyu ya aiko wa Luwis sarkin Faransa kyautar rubuce-rubucen nan, sai Hilduwin shugaban gidan sufaye na Saint-Denis ya zauna ya rubuta tarihin waliyyinsu ya dunƙule ukun wuri guda, wai mutum ɗaya ne, ya ji Bulus a Atina, ya rubuta littattafan, sannan ya zo Paris ya yi shahada. Ni dai a ganina ba rashin sani kaɗai bane, domin gidan da zai ce wanda ke kwance a ƙabarinsu almajirin Bulus ne kai tsaye, ai darajarsa ta wuce ta kowa a ƙasar, kuma nan ne maƙabartar sarakuna. Kama da wane dai ba ta wane, amma maganar ta zauna ɗaruruwan shekaru.

Wajen 1121 masanin falsafa Abelar, yana sufi a wannan gidan, ya nuna wa 'yan'uwansa inda Bede yace Diyonisiyus ɗin Bulus bishop ɗin Koranti ne ba na Atina ba kamar yadda suke faɗa. Suka fusata suka ce ya ci mutuncin waliyyin ƙasa, dole ya gudu da dare. Kuma shi Beden ma takwara ne ya ruɗe shi, don akwai wani Diyonisiyus daban da ya riƙe Koranti wajen 170, kaga sun zama huɗu kenan.

Sai a ƙarni na 15 masanin Italiya Lorenzo Balla ya fito ya yi tababar cewa ɗan majalisar Atina ne ya yi rubuce-rubucen, daga baya masana suka nuna marubucin ya ɗebi abubuwa daga Firokulus, masanin falsafar da ya rasu 485, mutumin da ya san Bulus ido da ido kuwa ba yadda za'ai ya karanta Firokulus. Daga nan aka raba su, Paris ta koma da bishop ɗinta na 250, Atina ta riƙe nata, shi kuma mai littattafan har yau da sunan aron ake kiransa.