Abin da cinikin masu jifa na 2022 ya koya mini

A kwas ɗin nazarin alƙaluma da na yi a wata jami'a a Amurka, aikin da ya fi zama mini a rai na wasan besbol ne. Malamarmu ta ba mu sunayen masu jifa 4, wato 'yan wasan da ke jefa wa mai duka ƙwallo, ta ce mu ɗauka muna ƙarshen watan Yulin 2022, muna aiki a ofishin wata ƙungiya mai neman kofi, shugaba kuma yana son jin wanda za a ɗauko a cikinsu da abin da za a bayar a kansa. Sharaɗinta ɗaya ne: duk abin da ya faru bayan wannan lokaci, kada wanda ya shigo da shi cikin hujjarsa. Mutanen su ne Luis Castillo da Tyler Mahle na Cincinnati Reds, da Frankie Montas na Oakland Athletics, da José Quintana na Pittsburgh Pirates.

Sai mutum ya san aikin mai buɗe jifa kafin ya gane nauyin wannan ciniki. A babbar gasar MLB akwai ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 162 a kaka. Wasa yana da zango 9, mai buɗe jifa kuwa shi ke fara tsayawa kan ɗan tudun tsakiyar fili, ya yi jifa kusan 90 zuwa 100, yawanci ya cinye zango 5 ko 6, sannan ya sauka ya huta kwana 4. Shi ya sa kowace ƙungiya take riƙe mutum 5 suna karɓa-karɓa. A 2022 an rufe kasuwar musaya ranar 2 ga Agusta, saura wata 2 kaka ta ƙare. Ke nan wanda aka ɗauko a lokacin bai wuce ya fito sau 11 ko 12 ba, sai wasannin neman kofi na watan Oktoba idan Allah ya kai ƙungiyar. Kuma ba kamar ƙwallon ƙafa ba, inda ake zube kuɗi a ɗauki ɗan wasa. A nan mutum ake bayarwa a karɓi mutum, galibi yara masu tasowa da ke ƙananan gasanni.

Lambar da kowa ke fara dubawa ita ce ERA, wato matsakaicin makin da ake ci a hannun mai jifa cikin zango 9. Castillo yana da 2.86 a wasa 14. Montas yana da 3.18 a wasa 19. Quintana yana wajen 3.50, Mahle ya haura 4. Castillo da Montas duk 'yan Jamhuriyar Dominika ne, duk shekarunsu 29, duk da hannun dama suke jifa, kuma duk kwantiraginsu zai kai ƙarshen kakar 2023. A takarda kamar tagwaye suke, 'yan jarida ma haka suka riƙa jera su.

Abu na farko da ya raba su a wurina shi ne fili. Filin Oakland da Athletics ke wasa a cikinsa a 2022 yana da makeken sarari a gefen layi, wanda babu kamarsa a gasar a lokacin. Ƙwallon da aka doka ta tashi gefe, wadda a wani filin cikin 'yan kallo za ta faɗa mai duka ya sake samun dama, a Oakland ɗan wasa ne zai bi ta ya cafe, a fitar da mai dukan. Filin Cincinnati kuwa matsattse ne, ƙwallo ba ta wahalar tsallake katanga. Saboda haka 2.86 na Castillo a wuri mai wuya ya samo shi, 3.18 na Montas kuwa fili ya tallafa masa, kuma lambobinsa na wasannin waje sun nuna hakan. Akwai kuma ma'aunin FIP, wanda ya samo asali daga binciken Voros McCracken, Tom Tango kuma ya tsara shi. Yana ajiye taimakon masu tsaron fili gefe, ya ƙirga abin da ke hannun mai jifa kaɗai: mutum nawa ya kayar da jifa, nawa ya bari suka wuce kyauta, ƙwallo nawa aka tsallakar masa da katanga. Waɗannan duk sun taimaka, amma duk labarin jiya suke bayarwa.

Inda na daɗe a kai shi ne kafaɗa. Mutum 3 cikin 4 sun yi ciwon kafaɗa a wannan kakar, kuma idan aka yi gurbi ɗaya a jadawali aka rubuta "ya yi ciwo: e ko a'a", dukansu ukun amsa ɗaya za su samu. To amma Castillo a farkon shekara ya yi nasa, bai fara wasa ba sai watan Mayu, daga nan kuma ya yi kusan wata 3 yana fita duk ranar da layinsa ya zo, ƙarfinsa na nan. Montas kuwa ranar 3 ga Yuli aka sauke shi a Seattle bayan zango 1 kacal. Na zauna na kalli bidiyon zangon nan a hankali. Mutumin da aka sani da jifa mai tsananin gudu, da wata jifar da yake cusa ƙwallo tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya ta taho ta nutse a gaban mai duka, ga shi ranar gudun jifarsa ya ragu, na'urar Statcast da ke auna kowace jifa a filayen gasar tun 2015 ta nuna haka ƙarara. Ya dawo bayan fiye da mako 2, ya fita sau 2, sai kasuwa. Mahle ma a watan Yulin ya shiga jerin masu jinya da ciwon kafaɗa.

A nan na koyi abin da har yau nake aiki da shi. Ba "ya taɓa ciwo?" ake tambaya ba. Yaushe ya yi ciwon, kuma wane aiki ya ɗauka tun daga ranar da ya tashi? Mai sayen san noma a kara ba ya tsayawa kan labarin gonakin da ya huɗe bara, sai ya sa an ja shi ya ga takunsa na yau. Fita 2 bayan ciwon kafaɗa ba su isa shaida ba. Malamarmu ta sa kowa ya ƙara gurbin kwanan wata kusa da kowace lamba, har ta ƙi karɓar rahoton da babu shi. Na ba Castillo matsayi na farko da tazara mai yawa, na ce Montas da Mahle kada a taɓa su sai likitocin ƙungiya sun gamsu, kuma farashinsu ya sauka daidai da haɗarin.

Bayan mun miƙa rahoto aka buɗe mana abin da ya faru. Seattle Mariners ta ɗauki Castillo, ta ba da yara 4, ciki har da Noelvi Marte da Edwin Arroyo, waɗanda ke sahun gaba a cikin matasanta. Mutane da yawa sun ce ta yi tsada. Ya fita sau 11 da ERA 3.17, ya sa hannu kan kwantiragin shekara 5 na dala miliyan 108 a watan Satumba, sannan a wasan farko na Oktoba a Toronto ya haura zango 7 ba a ci shi ko maki ɗaya ba, Seattle ta yi nasara 4 da 0. New York Yankees ta ɗauki Montas tare da Lou Trivino, ita ma ta ba da mutum 4. Montas ya fita sau 8 da ERA 6.35, kafaɗar ta sake tashi, aka yi masa tiyata a Fabrairun 2023, a duk kakar 2023 sau 1 ya taka tudun jifa. Daga baya shi da kansa ya faɗa cewa bai gama warkewa ba lokacin da aka yi cinikin. Mahle ya tafi Minnesota Twins a kan yara 3, cikinsu har da Spencer Steer, ya fita sau 9 kacal a kaka 2 kafin a yi masa tiyatar gwiwar hannu.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin Yankees shi ne, washegarin ɗaukar Montas ta miƙa Jordan Montgomery ga St. Louis Cardinals. Mutum ne lafiyayye, ya fita sau 21 a kakar da ERA 3.69, ba mai jifar burgewa ba ne amma ba ya fashi. Ta saki na hannu ta kama wanda kafaɗarsa ke da alamar tambaya. Montgomery ya yi 3.11 a St. Louis, a 2023 kuma yana cikin ginshiƙan Texas Rangers da ta ci kofin World Series.

Quintana shi ne ya hana mu cika baki. Shi aka fi samu da araha, shekarunsa 33, kwantiraginsa na ƙarewa a ƙarshen kakar, kuma shi ya fi kowa lamba mai kyau bayan ciniki: 2.01 a fita 12 tare da Cardinals. Babu jadawalin da ya hango haka. Fita 12 kaɗan ce, rabo yana da babban kaso a ciki, don haka ba daidai ba ne a yanke wa ciniki hukunci da sakamakon wata 2 kawai. Ana auna shawara ne da abin da aka sani ranar da aka yanke ta. Laifin cinikin Montas ba 6.35 ba ne, ranar 3 ga Yuli ce, wadda kowa ya gani kafin a sa hannu.

Sauran muhawarar ajinmu kan farashi ta tsaya, kuma a nan ne na saɓa da yawancin abokan karatuna. Sun kawo misalin da kowane mai bin besbol ya sani: a Agustan 1987 Detroit Tigers ta ba Atlanta Braves wani yaro ɗan shekara 20, John Smoltz, ta karɓi tsohon hannu Doyle Alexander. Smoltz ya yi shekara 20 a Atlanta, ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 1996, ya shiga zauren gwarazan wasan a 2015. Suka ce wannan ya isa gargaɗi ga mai ba da yara. Ni kuwa ban ga Detroit ta yi wauta ba. Alexander ya ci wasa 9 bai faɗi ko ɗaya ba, ERA ɗinsa 1.53, kuma sai a ranar ƙarshe ta kaka Detroit ta tabbatar da cin rukuninta a gaban Toronto. Ba don shi ba da ba ta kai ba. Abin da take bukata a shekarar ta saya, ta kuma same shi.

Haka nake kallon Seattle. A lokacin cinikin, rabonta da wasannin Oktoba tun 2001, akwai yaran da aka haifa a garin suka girma har suka shiga jami'a ba su taɓa ganin ƙungiyarsu a can ba. Fita 11 na Castillo a hannun ƙungiya irin wannan sun fi daraja nesa ba kusa ba a kan yadda za su yi a hannun Cincinnati, wadda ta ƙare kakar da shan kashi 100. Ko da Marte da Arroyo duk za su zama taurari, da ni ke ofishin Seattle a ranar, da na sa hannu.