Tambayar da ta kai ni wurin Carlos Nobre

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da darasin labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma duk zangon da muka zo babin tsirrai da yanayi abu ɗaya nake faɗa wa yara, wanda ni ma shi aka faɗa mini: inda ruwan sama ya yi yawa kurmi ke fitowa, inda ya yi ƙaranci ciyawa da ƙaya. Ruwa ne uba, itace ɗa. A bara wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ai kakata cewa take yi itatuwa ne ke kiran ruwa. Wanne ne gaskiya?" Na ba ta amsar littafi, ta rubuta, aka kaɗa ƙararrawa. Amma na fita ajin da nauyi a zuciya, don ni ma tawa kakar haka take faɗa, kuma ban taɓa zama na bincika ba.

Binciken da na shiga a makonnin da suka biyo baya shi ya haɗa ni da sunan wani masani ɗan ƙasar Brazil, Carlos Nobre. An haife shi a São Paulo a 1951. Injiniyan lantarki ya karanta da farko, ya gama a 1974, sannan aiki ya kai shi Manaus, birnin da ke tsakiyar kurmin Amazon. Daga nan ya tafi jami'ar MIT a Amurka, ya sami digirin digirgir a ilimin yanayi a 1983.

Abin da ya sa na gyara zama shi ne sunan ɗaya daga cikin malamansa a can, Jule Charney. Wannan mutumin a 1975 ya yi rubutu a kan farin da ya ci yankinmu na Sahel, farin 1973 da har yau dattawa ke lissafa shekaru da shi. Charney ya ce idan aka cinye ciyawa aka bar ƙasa fara fat, takan mayar da hasken rana sama maimakon ta riƙe shi, iskar da ke bisanta ta yi sanyi ta sauko, hadari ya kasa haɗuwa. Masu binciken da suka biyo bayansa sun nuna cewa ɗumamar ruwan teku ce ta fi yin tasiri a wancan farin, kuma ya kamata a faɗi haka. Amma tunanin da ya dasa, cewa abin da ke kan ƙasa yana da ta cewa a kan abin da ke saukowa daga sama, bai mutu ba. Ɗalibinsa ya ɗauke shi ya kai Amazon.

Kafin Nobre, wani ɗan ƙasarsu mai suna Eneas Salati ya riga ya share fage a ƙarshen shekarun 1970. Ya bi ruwan sama daga bakin tekun Atlantika zuwa yamma yana auna sinadaransa, ya gano cewa kusan rabin ruwan da ke sauka a Amazon daga kurmin kansa yake tasowa. Itace yana zuƙo ruwa da saiwarsa, ya fitar da shi ta ganye kamar gumi, tururin ya hau ya zama girgije, iska ta tura shi gaba, ya sake zuba. Haka ɗigo ɗaya zai yi ta hawa da sauka sau biyar ko shida kafin ya iske duwatsun Andes. Can sai duwatsun su karkata shi kudu, ya je ya shayar da gonakin da ke nesa da kurmin da dubban kilomitoci. Mutanen Brazil suna kiran wannan tafiyar tururi koguna masu tashi sama.

Tambayar Nobre ita ce: idan aka sare kurmin fa? Wannan gwaji ne da ba mai hankalin da zai yi shi a fili. Sai a kwamfuta. Nan ne na fi daɗewa, don na so in fahimci abin sosai kafin in tsaya gaban yara. Ana yanka sararin samaniyar duniya gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida a ba shi zafinsa da danshinsa da iskarsa, sannan a sa wa kwamfuta dokokin da iska da zafi da ruwa ke bi, ta riƙa lissafa yadda kowane gida ke shafar maƙwabcinsa, sa'a bayan sa'a, har shekaru. Abokin aikin Nobre, Piers Sellers, wanda daga baya ya zama ɗan sama jannati, shi ya tsara ɓangaren da ke kwaikwayon tsirrai: zurfin saiwa, faɗin ganye, yawan ruwan da suke fitarwa. Su biyun tare da wani masanin yanayi, Jagadish Shukla, suka gudanar da lissafin sau biyu, sau ɗaya da kurmin a tsaye, sau ɗaya kuma sun share shi sun shimfiɗa makiyayar shanu a madadinsa.

Sakamakon ya fito a 1990 da 1991. Zafi ya ƙaru da kimanin maki biyu da rabi, tururin da ke tashi ya ragu da kashi 30 cikin 100, ruwan sama ya ragu da kashi 25. Abin da ya fi ba ni tsoro ba waɗannan alƙaluman ba ne, rani ne da ya ƙara tsawo a kudancin kurmin. Mu nan mun san abin da tsawon rani ke nufi. Itacen kurmi ba gawo ba ne, ba aduwa ba ce, bai saba da wata shida babu ruwa ba. Idan rani ya zarce abin da zai iya ɗauka, ko an daina sara ba zai sake tsirowa ba, sai dai daji mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi ya gaje wurin, wuta kuma ta riƙa bi duk shekara.

Nobre bai tsaya a kwamfuta ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da shi. Yana cikin waɗanda suka jagoranci babban shirin bincike kan alaƙar kurmin Amazon da yanayi, mai suna LBA, da ya kankama a ƙarshen shekarun 1990, inda aka kafa dogayen hasumiyoyi da suka zarce kan itatuwa, ana auna numfashin kurmin dare da rana. Da aka samu sabbin bayanai, aka gyara lissafi. A 2007 binciken da yake ciki ya nuna cewa gaɓar da idan aka wuce ta kurmin ba zai dawo ba tana wajen sare kashi 40 cikin 100 nasa. A 2018, shi da masanin halittu Thomas Lovejoy suka ce idan aka haɗa sara da ɗumamar duniya da gobarar daji, gaɓar ta matso zuwa kashi 20 zuwa 25. A lokacin an riga an sare kusan kashi 17.

Akwai masana da ba su yarda kurmin duka zai juye lokaci guda ba, suna ganin yanki-yanki abin zai zo. Muhawara ce ta gaskiya. Sai dai abin da ido ya gani a 'yan shekarun nan ya fi ƙarfin a kau da kai. A 2021 Luciana Gatti da abokan aikinta, bayan shekara tara suna ɗibar iska da ƙananan jirage, suka nuna cewa kudu maso gabashin Amazon ya koma fitar da iskar kabon fiye da wadda yake shanyewa. A watan Oktoban 2023 kogin Negro a Manaus ya sauka zuwa mita 12.7, mafi ƙanƙanta tun da aka fara aunawa a 1902, kuma a 2024 ya ƙara sauka ƙasa da haka. Na ga hotunan kwale-kwale zube a kan yashi, mutanen da kogi ne titinsu da kasuwarsu suna tafiya a ƙasa da jarkoki. Na daɗe ina kallonsu, don ba baƙin hotuna ba ne a wurin wanda ya san yadda tafkin Chadi ya koma.

Yanzu Nobre ya haura shekara saba'in. A 2022 aka zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Ingila, kuma yana cikin shugabannin kwamitin masana kimiyya kan Amazon. Amma abin da ya fi ba ƙarfi shi ne shirin da ya kira Amazônia 4.0, wato a kai ƙananan injuna da ilimi cikin ƙauyukan kurmin, mutane su sarrafa koko da 'ya'yan açaí (wani itace dangin kwakwa) da gyaɗar kurmi a inda suke, su sayar da tsada, ta yadda itace a tsaye zai fi saniya kawo kuɗi. Ina ganin ya kama bakin zaren. Yawancin filin da aka sare a can makiyaya aka mayar da shi, kuma wa'azi kaɗai ba ya hana mai neman abinci ɗaukar gatari. Manoman Maraɗi da Zinder da suka bar kututture ya tofo a gonakinsu har miliyoyin itatuwa suka dawo, sun yi ne don sun ga amfanin a rumbunsu da garkensu.

Ranar Litinin ta farkon zangon da ya biyo baya na shiga ajin, na kira yarinyar da sunanta, na ce mata amsar da na ba ta rabi ce. Na zana teku a gefen dama na allo, duwatsu a hagu, na jera itatuwa a tsakani, na ja kibiya daga ganye zuwa girgije, daga girgije zuwa ƙasa, har sau biyar. Na ce ta je ta gaya wa kakarta cewa a Amazon an auna, an samu kusan rabin ruwan daga itatuwan yake. Ta kwafi zanen a littafinta, sannan ta tambaye ni ko wani ya taɓa auna namu. Na ce mata shi zan nemo mana kafin ƙarshen zango.