Makarantun unguwannin baƙaƙen fata a kudancin Shikago

Ban daɗe da dawowa daga Amurka ba, kuma unguwar Bronzeville ce ta tsaya mini a rai. Jirgin ƙasa ya sauke ni kusa da sakandaren Dyett, wadda hukuma ta taɓa yanke rufewa. A 2015 iyaye da 'yan gwagwarmaya 12, cikinsu har da Jitu Brown, wani jagoran fafutukar ilimi a unguwar, suka yi yajin cin abinci na kwana 34, aka sake buɗe ta a 2016. Kafin nan, a 2013 kaɗai, an rufe makarantu kusan 50 a birnin, galibi na baƙaƙen fata.

Wata dattijuwa da ta ƙi barina in biya kuɗin abincin rana (tsadarsa kuwa sai wanda ya gani) ita ta kai ni zaman majalisar wata makaranta. Tun dokar 1988 ake da irin wannan majalisa: iyaye 6, mutanen unguwa 2, malamai 2, ma'aikaci 1 da shugaban makaranta, ana zaɓe duk shekara biyu. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke ɗaukar shugaban makaranta kwangilar shekara 4, amma sai da ƙuri'a 7. Kwamitocinmu na SBMC masu kula da makarantu a gida Najeriya, ina suka ga wannan iko? Iyakarsu gyaran rufi da tara kuɗin alli.

Inda abin ke lalacewa shi ne kujerun iyaye. Uwar da ke aikin dare ba ta iya zama da yamma, kujera ta zauna babu kowa, adadi bai cika ba, shawara ta koma hannun hukuma. Makarantar da aka sa ƙarƙashin sa ido saboda faɗuwar jarrabawa ma ana iya ƙwace wa majalisarta iko. Shi ya sa masu haɗa kan iyaye da mutanen unguwa ke bi gida-gida, su zauna da mutum ɗaya su ji damuwarsa, ranar taro su tanadi abinci da mai rainon yara. Buƙata ɗaya suke ɗauka, misali ɗakin karatu ko ma'aikaciyar jinya. A zaman hukumar ilimi 'yan mintoci kaɗan ake ba mai magana, don haka sai su raba bayanin tsakanin mutane da yawa, su gwada shi tun a gida. Yadda ake katse tsohuwa tana tsakiyar magana bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Birnin Detroit kuwa a gurguje na ratsa. Can maganar gine-ginen makarantu ce ta fi yawa: yoyo, sanyi, da na'urar ɗumama aji da ba ta aiki.