Asabar a gidan kitso

Kaina har yanzu zugi yake yi. Shukun ya kamu sosai, sai da na shafa man zaitun a gefen goshi kafin na iya ɗora kai a matashi. An ɗauke wuta tun magariba, yara sun yi barci, ni kuwa idona biyu. Bari in sauke abin da na kwaso yau ko barcin ya zo.

Da hantsi muka fita ni da autarmu, muka tari adaidaita daga Gwammaja zuwa Rijiyar Lemo wurin mai kitsona. Hazo ya rufe gari, kowa leɓe a fashe. Mun tarar da mutum uku a layi: Maman Biyu, wata dattijuwa da duk unguwar ke kira Goggo, da Malamar Islamiyyar matan aure ta bayan layin, ta zo a tsefe wa 'yarta. Na samu gefen tabarma na fara tsifa da kibiya.

Auta ce ta jawo zancen. Tun a hanya take latsa waya tana tsaki, muna zama ta ce, "Yaya, kin ga babin ƙarshe ya fito? Wallahi na yi kuka." Ashe duk wanda ke tsakar gidan nan ya san littafin. Maman Biyu ta biya kuɗi ana turo mata babi-babi kamar yadda nake yi, Goggo jikarta ke kunna mata na murya da daddare, Malama ma ta ce ɗalibanta sun ishe ta da labarinsa har ta karɓa ta duba.

Labarin ba baƙo ba ne. Mace ta shekara goma a gidan miji da 'ya'ya uku, ya yi amarya, wata shida ba a cika ba ya aiko mata da saki uku a saƙon waya. Idda na cika ya turo ƙannensa suka kwashe yaran, har da na goye da aka yaye da ƙarfi. Sai ga tsohon saurayinta ya dawo daga karatu a waje, da kuɗi da haƙuri, yana nema. Ita kuma ta rantse ba za ta yi aure ba sai 'ya'yanta sun dawo hannunta. A haka aka ja mu babi sittin. A ƙarshe tsohon mijin ya karye, amarya ta gudu, ya kawo yaran da kansa ya durƙusa yana neman gafara, sabon angon ya rungume su duka ya sa su makarantar kuɗi.

Auta ta ce ita dai saurayin ne ya tafi da imaninta, irinsa take roƙon Allah ya ba ta. Maman Biyu ta kwashe da dariya ta ce, "Ke yarinya ce. Je ki Kwari ki zaga, ki zaga Sabon Gari, in kin samo namijin da zai jira bazawara shekara huɗu sannan ya riƙe agola uku, ni zan yi miki kayan ɗaki." A wurinta jarumar wauta ta yi. Ta tsaya ɓata ƙuruciyarta a kan 'ya'yan da sunan wani suke amsawa, alhali ko a bangon duniya aka kai ɗa, ranar da ya yi wayo zai nemo uwarsa.

Goggo ba ta tsaya kan jarumar ba, marubuciyar ta kama da faɗa. Wai ana koya wa mata taurin kai. A zamaninsu mace in ta fita, ta fita da kayan ɗakinta da ɗan da ke bayanta, ranar yaye a mayar wa mai shi, ba ka-ce-na-ce. "Wa zai ɗauki jinin wani ya kai gidan wani?" in ji ta. Ta ce ita kanta biyu ta bari a gidan farko, ga su nan sun zama mutane. Na lura ba ta faɗi yadda suka zama mutanen ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Malama ta bari sai da kowa ya zazzage, sannan ta gyara hijabi. Ta ce abin da ya ba ta haushi da littafin shi ne babi sittin ba a samu mutum ɗaya da ya gaya wa matar nan cewa haƙƙinta ne aka ƙwace ba, sai aka bar ta tana jiran miji ya talauce. Ta ce, "Goggo, ki yi haƙuri, abin da kika faɗa al'ada ce, ba shari'a ba." A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, in aure ya mutu riƙon ɗa na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani auren, riƙon ya koma ga kakar yaran ta wajen uwa, bayanta sai 'yar'uwar uwa. Sai an rasa kowa a dangin uwa ake waiwayar ɓangaren uba. Ta ce yana nan ɓaro-ɓaro a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantarwa a zaurukan birnin nan tun kafin a haifi kakanninmu. Ci da sha da sutura da magani kuwa suna kan uba, ko a ina yaran suke kwana.

Ta kawo hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, na matar da ta je wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta ce ɗan nan cikinta ne mazauninsa, nononta ne abin shansa, cinyarta ce makwancinsa, ga shi ubansa ya sake ta yana son ƙwace shi. Aka ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Ta ƙara da ayar Baƙara ta 233, inda aka hana a cutar da uwa saboda ɗanta, aka kuma hana a cutar da uba saboda ɗansa.

Goggo ta ce, "To, Malam ma bai taɓa gaya mana haka ba." Maman Biyu ta ce, "Ina zai faɗa, shi ma namiji ne." Aka yi dariya, har Malamar.

Duk wannan hayaniyar mai kitso ba ta ce uffan ba. Lokacin layi ya zo kaina, ina zaune tsakanin gwiwoyinta, tana tsaga tana lakato man kitso daga bayan hannunta. Shekara uku tana yi mini kitso, na san bazawara ce, na san a gidan yayanta take zaune, iyakar sanina ke nan. Da Malama ta zo wurin "har ta yi aure ta tare", sai na ji yatsunta sun tsaya cak a tsakiyar kaina. Can ta ce, a hankali, "Malama, ko da an riga an ɗauke ta?"

Tsakar gidan ya yi tsit. Ba ta ambaci sunan ba, 'yar fari ce, "yarinyar" kawai take cewa. Shekararta shida, tana wurin kishiyar uwa a Kurna. Rabonta da ita tun ƙaramar salla, shi ma a ƙofar gida aka fito da ita, minti kaɗan aka ce ta shiga ana nemanta. Ta ce abin da ya tsaya mata a rai ba wani babba ba ne: kan yarinyar ta gani, tsohon kitso ya yi wata biyu ya cukurkuɗe, ga amosani. "Anti, ni da nake yi wa 'ya'yan mutane," ta ce da ni, ta ci gaba da kamawa.

Malama ta ce hanya a buɗe take. Mai kitso ta fara da manya, in uban yarinyar ya ƙi ta je Hisbah a kira shi sulhu, in ya ƙi nan ma akwai kotun shari'ar Musulunci, a aika masa sammaci. Mai kitso ta yi murmushin da ba na daɗi ba. Ta ce ta taɓa furta kalmar kotu sau ɗaya, mahaifinta ya ce in ta kai uban 'yarta gaban alƙali ba da yawunsa ba, abin kunya ne a dangi. Yayanta kuma ya ce shi da nasa bakwai yake fama, ba zai ƙara da 'yar wani ba, mai ɗa ya riƙe abinsa. Ko an yanka wa uban kuɗin ciyarwa, wa zai riƙa binsa duk wata? Sannan ga wani mai shago yana nemanta, mutumin kirki, amma ya faɗa mata tun farko ba ya son agola. Mahaifiyarta da riƙon zai koma wurinta ta rasu.

Nan na ji littafin ya fita daga raina. Na ji daɗinsa, ba zan yi ƙarya ba, har ƙona miya na yi a kansa ranar Laraba. Amma marubuciyar ta sauƙaƙa wa kanta aiki. Ta ɗauko tambaya mai nauyi, aure ko 'ya'ya, da ta ga ta yi mata nauyi sai ta karya mijin ta kawo attajiri ya biya kuɗin komai. Matar da ke kama mini gashi ba ta da attajiri, kuma tsohon mijinta lafiyarsa ƙalau, kasuwarsa na ci.

Akwai kuma abin da ban faɗa a can ba. Yaran cikin littafin ba su da baki. Ana kwashe su kamar kayan ɗaki, a kai nan a dawo da su can, in an nuno su to kuka suke yi don mu tausaya wa uwarsu. Mu ma da muka zauna muna musu, wannan na bayan uwa, wannan na bayan al'ada, Auta na bayan saurayi. Ni kuwa na taɓa zama yarinyar. Ina aji biyu na firamare Innarmu take zuwa bakin makaranta lokacin tara, ta tsaya can gefen mai rake don kada a kai labari gida. Ta kwance bakin mayafi ta ba ni ƙuli-ƙuli da alewar madara, ta duba wuyana da bayan kunnena ko ana cuɗa ni, ta tafi kafin a kaɗa ƙararrawa. Ni kuma in cinye a bayan aji in goge baki, don in an gani a gida sai an tambaya wa ya ba ni. Auta ba ta san wannan ba, ita a gidan Inna na biyu aka haife ta, a cinyarta ta girma. Matar babana ba ta taɓa dukana ba, Allah ya sani, ta ciyar da ni ta aurar da ni. Amma har na bar gidan ban daina ɓoye abu a bayan aji ba, ko da babu ajin.

La'asar ta yi aka gama mini. Da na miƙa kuɗi na ƙara mata wani abu a kai, ta ƙi karɓa sai da Maman Biyu ta sa baki. Malama ta ce mata ta same ta gida ranar Litinin bayan an tashi daga Islamiyya, mijinta ya san wani dattijo a Kurna da uban yarinyar ke jin nauyinsa, a fara gwada a riƙa kawo ta ko da ranar Juma'a ce ta wuni. Goggo na ɗaura ɗankwali ta ce in za a je a biya mata, ita ma ta san unguwar. Ban zaci haka daga bakinta ba.

A adaidaita Auta ta ce wai an sanar za a fara kashi na biyu, labarin babbar 'yar bayan ta girma, ko in biya mana mu biyu. Na ce ta bari in ga babin farko tukuna. Na kira Inna bayan isha'i, ba ta ɗauka ba, ta saba kwanciya da wuri in ana sanyi. Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa ta da safe, in tafi da man zafin da ta ce in sayo mata tun wancan makon.