Ƙarami daban, mara lafiya daban: abin da kiwon monak ya koya mini

Malam-buɗe-littafi ba ya ƙara girma bayan ya fito daga kwansonsa. Yadda ya fito haka zai rayu, haka zai mutu. Wannan ne karatun farko da aka ɗora ni a kai da na fara aiki a ɗakin kiwon ƙwari na wata cibiyar koyar da ilimin muhalli a jihar Minnesota ta Amurka, inda muke rainon irin da ake kira monak domin 'yan makaranta su ga rayuwarsa da idonsu. Girman jikinsa da faɗin fukafukansa, tun yana tsutsa ya tara su a kan ganye. Wanda ya zo hannunka ɗan tsurut, ko ka wuni kana ɗura masa ruwan sukari ba zai ƙaru ba.

Monak shi ne mai fukafukai ruwan goro da baƙaƙen jijiyoyi da fararen ɗigo a gefe, masana na ce masa Danaus plexippus. Nauyinsa kimanin rabin giram ne. Da wannan jikin, idan kaka ta shigo, waɗanda ke gabashin duwatsun Rocky suke tashi daga kudancin Kanada da arewacin Amurka, wasu su ci kilomita sama da 4,000, su sauka a dazuzzukan itatuwan oyamel na tsakiyar Meziko, musamman jihar Michoacán. Mutanen yankin sun san da zuwansu tun kaka da kakanni, amma masu bincike ba su gano masaukin ba sai a Janairun 1975, lokacin da Ken Brugger da Catalina Trail, masu taya Fred Urquhart na Toronto aiki, suka isa wurin. Da faɗin dajin da suka lulluɓe ake auna yawansu. A hunturun 1996 zuwa 1997 sun rufe sama da hekta 18. A na 2013 zuwa 2014 ko hekta ɗaya ba su cika ba. Wannan faɗuwar ce ta sa mutane da dama suka fara tsintar ƙwai daga lambu suna kaiwa ɗaki, saboda a daji cikin ƙwai goma da ƙyar ɗaya ke kai ga tashi. Niyya ce mai kyau, kuma ina girmama ta.

Tsutsar ba ta cin komai sai ganyen wani tsiro mai farin ruwa, dangin tumfafiyarmu. Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya ga ɗan'uwan monak ɗin, Danaus chrysippus, yana shawagi a kan tumfafiya a bayan gari, kuma gargaɗin da iyaye ke yi mana game da ruwanta shi ne ake yi a nan: kada ya taɓa ido. Dafin wannan ruwan tsutsar ke ajiyewa a jikinta, shi ya sa tsuntsaye da yawa ke ƙyale ta.

Dalilan ƙanƙanta ba su da wuyar ganewa, kuma kusan dukansu a hannun mai kiwo suke. Tsutsar tana saɓa sau da dama, ta bi matakai biyar cikin kamar mako biyu, kuma mafi yawan cin da za ta yi a rayuwarta a mataki na ƙarshe take yin sa. Idan ganye ya yanke mata a wannan gaɓar, ba ta jira. Sai ta hau rufin keji, ta rataye kanta, ta shiga kwanso da ɗan abin da ta tara. Ganyen da ya yi yaushi shi ma yunwa ce, ko da keji ya cika da shi, don haka muke yanko reshe ɗungurungum mu tsoma gindinsa a kwalbar ruwa, mu toshe bakin kwalbar don kada tsutsa ta faɗa ciki. Cunkoso yana kawo haka. Zafin ɗaki ma yana kawowa, domin yana sa su yi saurin wuce matakan ba tare da sun ƙoshi ba. Mukan auna fiffiken gaba da rula, daga gindi zuwa tsini. Lafiyayye yana kai wa wajen santimita 5. Idan keji guda ya fitar da uku ko huɗu da suka gaza haka sosai, ba ƙwarin muke tuhuma ba, takardar ba da abinci muke komawa mu duba.

To me ake yi da ƙaramin? A ganina a sake shi, muddin fukafukansa sun miƙe, yana iya tashi, kuma gwaji ya nuna ba ya ɗauke da cuta. Yunwa ba a gadonta. Ƙaramar mace za ta yi ƙwai, 'ya'yanta su samu ganye su girma yadda ya kamata. Inda nake jin nauyi shi ne ƙaramin da ya fito a watan Satumba, domin shi ba yawon lambu ke gabansa ba, Meziko ce, kuma an daɗe da lura cewa masu manyan fukafukai sun fi kai labari a wannan tafiyar. Duk da haka ina buɗe masa keji. Ba ya cutar da kowa.

Mara lafiya kuwa maganarsa ta fi tsawo, kuma a nan ido ke yaudarar mutum. Cutar da ta fi damunmu wata ƙwayar halitta ce mai suna Ophryocystis elektroscirrha, kowa OE yake ce mata. A 1970 aka fara bayyana ta a kimiyyance. Uwa mai ɗauke da ita tana kakkaɓe ƙwayoyinta a kan ƙwai da ganye lokacin da take sakawa. Abin da tsutsa ke fara ci idan ta ƙyanƙyashe shi ne ɓawon ƙwanta, to daga nan ta haɗiye su. Su buɗe a cikinta, su hayayyafa a ƙarƙashin fata, sannan a kwanakin ƙarshe na zaman kwanso su koma ƙwayoyi masu tauri, su lulluɓe jikin wanda zai fito, musamman cikinsa. Babu magani. Babban da ya fito da ita zai mutu da ita, kuma duk inda ya sauka yana barin ta. Namiji ma yana shafa wa mace a wurin barbara.

Wanda cutar ta ci ƙarfinsa ba ya ɓuya. Tun a kwanso za ka ga baƙaƙen tabo marasa tsari sun ɓata koren. Ranar fita sai ya maƙale, ko ya fito ya kasa riƙe kansa ya faɗi ƙasa kafin ya tura ruwa cikin fukafukansa, su bushe a yamutse. Wannan ko yaro ya gan shi ya san da matsala. Amma akwai wanda zai fito tsaf, launi ya fita, fukafukai sun baje, ya fi kowa kyau a kejin, alhali cikinsa cike yake da ƙwayoyin. Shi ne abin tsoro, saboda shi zai iya tashi ya kai su gonar wani.

Gwajin kansa ba wuya. Ka sa safar hannu, ka haɗe fukafukan ka riƙe, ka danna ɗan yankin salatif mai haske a kan cikinsa a hankali, ka ɗaga, ka manna a farar takarda mai kauri. Hodar nan da ke biyo yatsa idan an kama malam-buɗe-littafi, ita ce ke biyo salatif ɗin, kuma cire ta kaɗan ba ya yi masa lahani. A ƙarƙashin madubin likita sai ka ga hodar ashe ƙananan ɓawo ne masu faɗi. Idan yana da cutar, tsakaninsu za ka ga wasu 'yan ƙwayoyi masu duhu barbaje, kamar an watsa riɗi a tabarma. Idan suka haura ɗari a salatif ɗaya, ana lissafa shi cikin masu cuta sosai. Akwai shirin Project Monarch Health a Jami'ar Georgia, wanda ya fito daga ɗakin binciken Sonia Altizer, da ke karɓar irin waɗannan takardun daga masu sa kai. Namu ma can muke aikawa, har da na waɗanda ba mu saki ba, domin shaidar mara lafiya tana da amfani daidai da ta lafiyayye.

Wata rana 'yata ta biyo ni wurin aiki, ta ga na ware wani kyakkyawan namiji na sa a ambulan, na bar wata ƙaramar mace a kejin waɗanda za a saka. Ta ce, “Baba, ai wannan ne ya fi lafiya, me ya yi?” Na ɗaga ta ta leƙa madubin, na sa mata takardarsa sannan ta macen. Ta daɗe tana kallo. Da ta sauko ta ce, “To Baba, ba za a wanke shi ba?” Na ce mata ko an wanke, ba za su fita duka ba, kuma ƙwaya kaɗan ta isa ta kama tsutsa.

Abin da ake yi da irinsa biyu ne. Ko a sa shi a ambulan a kai firiza, sanyi ya kwantar da shi har rai ya fita, ko a ajiye shi a keji shi kaɗai, nesa da ɗakin kiwo, ana ba shi ruwan sukari ko ɓawon kankana mai sauran nama har kwanansa ya ƙare. Na san dattawa masu sa kai da ke zaɓar na biyun, kuma ban ga laifinsu ba matuƙar sun kiyaye tsafta, domin hannun da ya taɓa shi bai kamata ya taɓa ganyen tsutsa ba. Ni ga wanda fukafukansa suka yamutse, ba ya iya tsayuwa balle ci, firiza nake zaɓa. Ba na yin sa da sauƙin zuciya. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a kashe rai a banza, idan kuma ya zama dole a kyautata, kada a azabtar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora shi a kan fure a lambu a ce an bar wa Allah. Allah ne ya ba mu madubin da muka ga abin da ke jikinsa. Kuma sanyi ba ya kashe ƙwayoyin, saboda haka gawar a ɗaure take tafiya kwandon shara, ba a zuba ta cikin taki.

Dalilin da ya sa na tsananta a kan wannan shi ne, doguwar tafiyar ita kanta tana tace su. Mai OE ba ya jure tashi kamar lafiyayye, da yawa a hanya suke zubewa, sai waɗanda suka dawo da bazara su zamo mafi yawansu masu tsabta. Shi ya sa cutar ta yi ƙaranci a cikin masu ƙaura na gabas, alhali a kudancin Florida, inda suke zaune shekara ɗungurungum ba sa zuwa ko'ina, fiye da kashi 70 cikin 100 suna ɗauke da ita. Tsiron lambu mai jan fure da ake kira Asclepias curassavica, wanda shi ma tsutsar ke ci, yana ƙara dagula lamarin a jihohi masu ɗumi, don ba ya bushewa da hunturu, ƙwayoyin sai su yi ta taruwa a ganyensa. Keji mai cunkoso ƙaramar Florida ce a cikin ɗaki: ɗaya ya fito da ita, ya kakkaɓe a kan raga da ganye, duk 'yan baya su kwasa. Saboda haka ba ma barin babba ya fito a kejin da tsutsa ke ci, kuma tsakanin kiwo da kiwo sai an jiƙa keji da kwanuka a ruwan bilic, kashi ɗaya bilic kashi huɗu ruwa, a ɗauraye, a shanya.

Sauran mace-macen zan taƙaita su. Idan ka ga farin zare yana reto daga kwanso, wani ƙuda ne ya riga ka, ya saka ƙwansa a jikin tsutsar tun tana waje. Idan tsutsa ta yi baƙi ta narke tana wari, cutar bairos ko bakteriya ce, a fitar da ita nan take a wanke komai. Idan kuma duk keji ya kama amai kore yana murɗewa, a tambayi inda aka samo ganye, domin tsiron da aka sayo daga masu sayar da furanni sau da yawa yana da maganin ƙwari a cikin jijiyarsa, wanki ba ya fitarwa. Har maganin ƙuma da ake shafa wa kare ko kyanwa yana iya biyo hannu.

Abin da ya fi girgiza masu kiwo shi ne binciken da ya nuna cewa ko lafiyayyen da muka raina bai kai na daji ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Chicago suka gwada, suka ga waɗanda aka sayo daga masu kiwon kasuwa ba sa fuskantar kudu, kuma ko 'ya'yan na daji idan a cikin ɗaki aka raine su sukan rasa wannan alƙiblar. A 2020 Andy Davis da abokan aikinsa a Georgia suka auna, suka samu na kiwo sun fi rauni wajen riƙo, launinsu ya fi koɗewa, fukafukansu kuma ba su kai na masu ƙaura tsawo ba. An yi ta muhawara a kan waɗannan sakamakon, wasu na nuna cewa an tsinci na kiwo da aka manna wa lambar shaida a Meziko, kuma gaskiya ne an tsinta. Amma ni abin da na ɗauka shi ne, hasken rana, gajartar yini, sanyin dare da tsufan ganye su ne ke sanar da tsutsar kaka cewa tafiya ke gabanta, ɗaki mai lantarki da na'urar sanyaya iska kuwa ba ya faɗa mata komai. Ƙungiyar Xerces mai kare ƙwari tana ba da shawarar kada gida ɗaya ya wuce goma a shekara, a California ma sai da izinin hukuma ake kiwonsu.

Mu dai mun fitar da kejin ƙarshen bazara waje, ƙarƙashin rumfa, inda ruwa ba ya duka amma iska da haske na shiga. Mun daina karɓar ƙwai daga nesa, sai na lambunmu. Malaman makaranta kan zo suna neman tsutsa ɗaya ga kowane ɗalibi. Mukan ba aji biyu ko uku, kowace a mazubinta, da salatif da takardar gwaji, da ƙunshin irin tsiron na asalin yankin. Irin ba ya tsira sai ya sha sanyi da laima na kusan wata guda, don haka muke ce musu su watsa shi a bayan aji a watan Nuwamba, kafin ƙanƙara ta rufe ƙasa.